Layin da ke yankewa: matsalar suwic da modul ɗin SFP a wata kwaleji a Jos

Wurin da yadda aka haɗa shi

Kwalejin tana cikin garin Jos, mai zaman kanta ce, aikin lafiya take koyarwa. Gine-ginenta uku. Layin intanet yana shigowa ta ginin ofisoshi, inda aka keɓe ɗaki guda domin saba (babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai) da babban suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna), da iyakwandishan da inbata. Cibiyar kwamfuta tana can ƙarshen fili, kusan mita 800 daga ofis. Nan ɗalibai ke rajista, nan suke rubuta jarrabawar ƙarshen zango. Gini na uku ɗakin karatu ne.

Kebul ɗin faiba da aka binne tsakanin ofis da cibiya yana ɗauke da sili 12, biyu kacal ke aiki: ɗaya ya kai haske, ɗaya ya dawo da shi. Irin faibar dogon zango ce, wadda tsakiyarta, inda hasken ke bi, ba ta wuce faɗin maikuron 9 ba. Silin gashin mutum ya ninka ta sau biyar ko fiye. A kowane ƙarshe an cusa modul ɗin SFP+ a kafar suwic, wato ramin da ake jona layi a jikinsa. Ɗan ƙarfe ne mai tsawon yatsa, aikinsa ya mayar da siginar lantarki hasken lesa, ya kuma mayar da hasken da ya iso sigina. Na kwalejin samfurin 10GBASE-LR ne, mai gudun gigabit 10, haskensa na nanomita 1310, an ƙera shi ya kai kilomita 10. Mita 800 ba tafiya ba ce a wurinsa.

Modul irin wannan yana auna kansa da kansa. Bisa ƙa'idar masana'anta mai lamba SFF-8472, wadda masu aikin ke kira DOM ko DDM, yana faɗin abu biyar: zafin jikinsa, ƙarfin wutar da yake samu, wutar da ke tuƙa lesa, hasken da yake fitarwa, da hasken da yake karɓa. Kowanne an sa masa iyaka huɗu tun daga masana'anta, gargaɗi da ƙararrawa ta sama, gargaɗi da ƙararrawa ta ƙasa. Da dBm ake auna hasken. Sifili daidai yake da miliwat ɗaya, kuma duk raguwar 3 dB rabin hasken ne ya tafi. Wanda ke karɓar -10 yana samun kashi ɗaya cikin goma na miliwat. A ƙa'idar LR, mai karɓa yana buƙatar aƙalla -14.4 dBm.

Suwic ɗin cibiya yana cikin kabad ɗin ƙarfe a wani ƙaramin ɗaki na baya. Rufin kwano ne babu silin, bangon yana fuskantar yamma. A cikin kabad ɗin akwai UPS, akwatin batir mai riƙe wuta, shi ne kaɗai soket ɗin da ba ya mutuwa a ginin idan an ɗauke wuta. Jami'in kula da na'urori mutum ɗaya ne, matashi, kuma shi ke gyaran firinta da kyamarori da kwamfutar magatakarda. Ba a ba shi wata takarda game da layin faibar ba lokacin da ya kama aiki.

Disamba: koke na farko

A mako na biyu na Disamba, hunturu ya kankama, ma'aikaciyar da ke kula da cibiya ta fara aiko da saƙo cewa shafin rajista yana nauyi. Wani lokaci kwamfutocin duka su yanke na ɗan lokaci su dawo. Zargi na farko ya faɗa kan kamfanin da ke ba su intanet, kamar yadda aka saba. Jami'in ya gwada daga ofis ya ga komai lafiya, kamfanin ma ya duba nasa ɓangaren bai ga komai ba.

Kafin ƙarshen wata abin ya ƙaru. Layin ya riƙa mutuwa gaba ɗaya, ba ya dawowa sai an kashe suwic an kunna. Wannan ya zama magani: da an kira shi sai ya ce, "Anti, ki zare wayar wutar ki mayar." Ta zare, ta mayar, layi ya dawo. Har maigadi ya koyi yi.

Dalilin da ya sa hakan ke aiki ba wanda ya tambaya. Suwic da yawa suna rufe kafa da kansu idan suka ga tana tashi tana faɗuwa a jere cikin 'yan daƙiƙoƙi, domin kada ta rikita sauran hanyoyi, kuma ba ta buɗewa sai an buɗe ta da hannu ko an sake kunna na'urar. Kashewar tana da wani sakamako kuma. Suwic ɗin yana ajiye rahotonsa a ƙwaƙwalwar wucin gadi, ba a haɗa shi da wata kwamfuta da za ta riƙe rahoton ba, ba a kuma saita masa agogo ba. Duk kashewa tana share abin da ya rubuta.

Janairu: an canza abubuwa, ba a canza komai ba

Bayan hutu, jami'in ya yanke shawara suwic ɗin ne ya gaji. Akwai wani irinsa a sito, ya ɗauko ya kwafe saiti a kai ya maye gurbin. Modul ɗin da gajeriyar igiyar faiba mai ruwan ɗorawa da ke haɗa shi da akwatin bango, su ya zare daga tsohon ya mayar a sabon. Yayin da yake ɗaure kusoshi, kan igiyar yana ajiye tsirara a saman UPS, a ɗakin da ko minti goma ka bar waya sai ka iya rubuta sunanka a fuskarta. Da zai mayar, ya hura masa iska da baki ya goga a gefen rigarsa. Layi ya tashi. Cikin makon ya sake faɗuwa, ya ma fi na da yawa.

Sai aka koma kan modul. Aka aika wani ya sayo a kasuwa, ya kawo mai kama da shi sak, da farashi mai sauƙi. An cusa, fitilar kafa ba ta ko ƙifta ba. Rubutun da ke jikinsa ya nuna SR ne, mai hasken nanomita 850, wanda aka yi wa faiba mai faɗin tsakiya ta cikin gini, iyakarsa mita 300 zuwa 400. Girmansu ɗaya da LR, bakinsu ɗaya, amma mai karɓa na can ofis 1310 yake jira, faibar da ke ƙasa kuma ba tasa ba ce. Galibi mariƙin LR shuɗi ne, na wannan ba shuɗi ba ne, sai dai launi ba abin dogaro ba ne kamar rubutun. Aka mayar da tsohon.

A lokacin ne wani ya tuna cewa a watan Nuwamba leburori sun haƙa magudanar ruwa kusa da hanyar da kebul ya bi. Zancen ya zauna wa kowa. Aka kira ɗan kwangila, ya zagaya filin da ƙafa, ya kawo takardar kuɗin haƙa da shimfiɗa sabon kebul tun daga ofis har cibiya. Bai zo da na'urar OTDR ba, wadda ke harba haske cikin faiba ta nuna a mita nawa aka samu rauni, kuma ba a tambaye shi ba. Jarrabawa tana tafe a watan Maris. Shugaban kwalejin ya ce wa jami'in, "Malam, kai ne ka san aikin. Idan ka ce kebul ne, mu nemi kuɗin." Jami'in ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako ɗaya tukuna."

Makon farko na Fabrairu: karatu daga gefe biyu

Ya kira wani injiniya da ke aiki a Abuja, wanda ya taɓa koyar da shi lokacin sanin makamar aiki. Injiniyan bai bar shi ya gama labari ba.

"Haske nawa kake karɓa?"

"Oga, fitilar kore ce."

"Ban tambaye ka fitila ba, ƙanena. Shiga suwic ɗin ka karanto min lamba. Na gefe biyun nake so."

Umarnin ya danganta da kamfani. A na'urorin Cisco ana rubuta show interfaces transceiver detail, a Juniper show interfaces diagnostics optics, a Huawei display transceiver verbose, a kwamfuta mai Linux kuma ethtool -m. Amsar dai kusan iri ɗaya ce. Ga abin da ya karanto da safiyar ranar:

A ofis, modul yana fitar da -2.6 dBm, yana karɓar -5.9, zafinsa digiri 38, wutar lesa miliamfa 31. A cibiya, yana fitar da -4.3, yana karɓar -13.9, zafinsa digiri 57, wutar lesa miliamfa 52.

Injiniyan ya sa shi yin lissafi a takarda. Abin da cibiya ta aika a cire abin da ofis ya karɓa, asarar 1.6 dB ce, daidai da abin da ake sa rai: faibar kanta ba ta cin fiye da kusan 0.35 dB a kilomita a irin wannan haske, sauran kuma mahaɗai ne ke ci. Abin da ofis ya aika a cire abin da cibiya ta karɓa, asarar 11.3 dB. Ko kashi ɗaya cikin goma na hasken ba ya isa. Sili biyu a kebul ɗaya, a rami ɗaya, ɗaya lafiya ƙalau ɗaya a galabaice. Diga ko shebur da ya sari kebul da wuya ya zaɓi sili ɗaya ya bar na kusa da shi. Ko da ma ya yi hakan, akwai sili goma a zaune ba a taɓa su ba.

Yana tsaye gaban kabad ɗin yana maimaita umarnin, sai wani ɗalibi ya shigo ɗaukar wayarsa da ya sa caji, ya tura ƙofar ya rufe. Lambar ta koma -15.8. Ya buɗe, ta dawo -13.8. Ya rufe, -16.1. A ƙirgen kurakurai na kafar, waɗanda ake kira CRC, lambar tana hawa duk sanda ƙofar take rufe. Ya leƙa gefen ƙyauren ya ga ɓari ɗaya na igiyar ya shiga tsakanin ƙofa da ƙarfen kabad, fatar ta lotse ta yi fari a wurin.

A rahoton suwic ɗin, wanda kwana biyu ba a kashe ba, akwai layuka da dama masu cewa hasken da ake karɓa ya sauka ƙasa da iyakar gargaɗi. Ba layi ko ɗaya na ƙararrawa. A wannan modul gargaɗin ƙasa yana kan -14.4, ƙararrawa kuma sai an kai -18.4. Layin ya shafe makonni yana shawagi a tsakanin lambobin biyu.

Tsakiyar Fabrairu: gyara na farko

Injiniyan ya aiko da kaya ta mota: igiyoyin faiba biyu sababbi a leda, alƙalamin goge kan faiba, da ɗan madubin duba kan faiba mai ƙara girma. Ya haɗa da gargaɗi cewa kada ya kuskura ya leƙa cikin faiba ko bakin modul da ido, domin hasken 1310 ba a ganinsa, ido ba zai ƙifta ya kare kansa ba. Ya kuma ce a yi gyaran ɗaya bayan ɗaya, a rubuta lamba bayan kowanne.

A madubin, kan tsohuwar igiyar ya fito kamar faifai mai toka, da ɗigo-ɗigon ƙura har kan tsakiya, da wani shafi mai maiƙo da ya ratsa shi, sawun riga da yatsa. An goge shi, an goge mahaɗin akwatin bango da bakin modul, an mayar, ƙofa a buɗe: -9.4. An cire igiyar aka sa sabuwa, aka bi da ita ta gefe a sake, ba lanƙwasa mai tsanani: -4.4. Aka rufe ƙofa, lambar ba ta motsa ba. Aka share ƙirgen kurakurai, washegari yana nan a sifili.

A makon ne magatakarda ya tono fayil ɗin kwangilar farko. A shafin ƙarshe akwai awon ranar miƙa aiki, shekara biyu da suka wuce: cibiya tana karɓar -4.2, tana fitar da -2.3, ofis yana karɓar -3.9. Jami'in ya duba lamba ta farko, ya ga ta yi daidai da ta yanzu, ya rufe fayil.

An soke batun haƙa. An sa wa kabad kwaɗo, aka hana cajin waya. Bisa shawarar injiniyan, jami'in ya ɗauki wata tsohuwar kwamfuta ya ɗora mata LibreNMS, manhajar kyauta da ke tambayar suwic lambobinsa ta hanyar SNMP duk minti biyar tana zana su. Ya saita agogon na'urorin ta NTP, tsarin da ke daidaita musu lokaci ta layi, ya sa su riƙa aika rahoto zuwa kwamfutar, ya haɗa sanarwa da wayarsa. Nan ya gamu da wata matsalar. Duk kwamfutar da ɗalibi ya kashe, kafarta ta faɗi, waya ta yi ƙara. Kafin la'asar saƙonni sun cika allon. Cikin 'yan kwanaki ya kashe sautin sanarwar. Manhajar ta ci gaba da zanenta ba mai kallo.

Maris: ta dawo da rana tsaka

Mako uku layin bai ko girgiza ba. A mako na biyu na Maris, ana saura kwana kaɗan jarrabawa, ya fara yankewa. Wannan karon yana da lokaci: daga bayan azahar zuwa la'asar sakaliya. Da safe lafiya, da dare lafiya. Masu ra'ayin kebul suka ɗago kai, suka ce dama sun faɗa.

Bambancin yanzu shi ne akwai zane na mako uku. Hasken da cibiya ke karɓa layi ne miƙaƙƙe a kan -4.4, gyaran Fabrairu yana nan daram. Wanda ofis ke karɓa ne ke sauka kullum da rana ya hau da dare, kuma kowace rana ramin ya fi na jiya zurfi, har ya taɓa -10.2. Zanen zafin modul ɗin cibiya shi ne wancan a kife: yana hawa da hantsi, ya kai digiri 72 da misalin ƙarfe uku. Irin wannan modul na kasuwa an ƙera shi ya yi aiki daga sifili zuwa digiri 70, gargaɗinsa na kan 70, ƙararrawa 75. Wutar lesa ta haura miliamfa 70. Hasken da yake fitarwa ya faɗi zuwa -8.6, ƙasa da iyakar gargaɗi ta -8.2.

Abin da ke faruwa a ciki sananne ne. Lesa idan ta yi zafi ko ta tsufa tana buƙatar ƙarin wuta kafin ta ba da haske iri ɗaya. Modul ɗin yana ƙara mata wutar da kansa domin ya riƙe ƙarfin hasken, shi ya sa hawan wutar lesa ke riga faɗuwar haske bayyana. Idan ya kai iyakar abin da zai iya ƙarawa, haske ya soma sauka. Idan abin ya tsananta, ya ɗaga alamar matsalar aikawa ya kashe lesar. Akwai wani abu da ya ɗaure wa jami'in kai: -10.2 ai ya fi -14.4 nesa ba kusa ba, me ya sa ofis ke ƙirga kurakurai tun kafin layin ya faɗi? Injiniyan ya ce lambar matsakaicin haske kawai take faɗa. Ba ta faɗin ko bambancin da ke tsakanin ɗaya da sifili a cikin hasken yana nan sarai. Lesar da ta galabaita tana iya aika haske isasshe amma a dagule.

Da ya nemi yanayin jikin suwic ɗin kansa, sai ga ƙararrawa ta gaske a tsaye: fanka ɗaya cikin biyu ba ta juyawa. Rahoton ya nuna saƙon yana shigowa tun ranar da aka haɗa kwamfutar sa ido, yana cikin tarin da aka kashe wa sauti. Fitilar da ke nuna matsalar tana bayan na'urar, tana kallon bango. Mai kula da sito ya tuna cewa wannan suwic ɗin an cire shi ne daga wani ofis tun kafin zuwan jami'in saboda ƙarar da yake yi, ba a liƙa masa wata takarda ba. Fankar rufin kabad ɗin ma a zare take. Wani ya cire filoginta ya sa abin raba soket domin caji, tun ba a san yaushe ba. Ramukan shan iska sun toshe da ƙurar hunturu har ta yi kamar auduga. Ƙofar da 'yan caji ke bari a buɗe ita ce ke ba na'urar iska, ita aka sa wa kwaɗo ana shiga bazara. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Mutanen Jos ba su cika kawo zafi a lissafi ba, kuma suna da hujja. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a Disamba da Janairu sai da rigar sanyi. Amma Maris da Afrilu rana kan haura digiri 30, kuma abin da ma'auni ya nuna a inuwa daban yake da abin da ke cikin akwatin ƙarfe rufaffe, ƙarƙashin kwano, jikin bangon yamma, tare da UPS mai fitar da nasa zafin.

An yi gyaran a yini ɗaya, ranar Asabar. An dawo da suwic na asali, wanda dama lafiyarsa ƙalau, bayan an busa masa ƙura. An mayar da fankar kabad, an wanke ragar iska, an janye kabad ɗin daga jikin bango. An sa sabon modul na LR, wanda aka karanta rubutunsa kafin a biya kuɗi, aka kuma tabbatar suwic ɗin zai karɓe shi, tunda wasu na'urorin suna duba sunan kamfani da ke rubuce a ƙwaƙwalwar modul su ƙi wanda ba su sani ba. An duba kan igiya a madubi kafin a cusa. Da ƙarfe uku na ranar Litinin: zafi digiri 43, haske mai fita -2.1, ofis yana karɓar -3.8. An yi jarrabawa ba yankewa.

Afrilu zuwa damina

An buga silin a ɗakin, an buɗe ƙaramar taga mai raga a sama. An sa soket na caji a baranda domin kada a koma neman makullin kabad. Jami'in ya zauna ya tace sanarwar: kafofin kwamfutocin ɗalibai ba sa aiko da komai, sai kafofin da ke haɗa gini da gini, da fanka, da wuta, da zafi. Bai jira iyakokin masana'anta ba, ya sa nasa. Idan hasken da ake karɓa ya ragu da 2 dB daga lambar da aka rubuta ranar gyara, ko zafin modul ya wuce digiri 55, wayarsa ta yi ƙara. Lambobin ranar gyara suna manne a cikin ƙofar kowane kabad.

A watan Yuni sanarwar ta yi aikinta na farko. Bayan wani ruwa mai tsawa, ɗaya daga cikin na'urorin ba da wuta biyu na babban suwic a ofis ta mutu. Ba wanda ya ji a jikinsa, domin ɗayar ta ɗauki nauyin. An canza ta cikin mako.

Hukunci

Matsala biyu ce aka ɗauka ɗaya. Ta farko, datti da matsi a kan igiya, tana cin hasken da ke shiga cibiya. Ta biyu, zafi, yana cin lesar da ke fita daga cibiya. Alamarsu a wurin mai amfani iri ɗaya ce, shafi ya ƙi buɗewa, shi ya sa duk wanda ya tsaya a kan alama ya ga ciwo ɗaya da ya ƙi jin magani. Lambobin gefe biyu ne kaɗai suka raba su, domin kowace tana kan silinta.

Sauye-sauyen Janairu sun gaza ne saboda an yi su ba tare da awo ba, kafin da bayan. Canza suwic ya bar abubuwa biyun da ke da laifi a wurinsu, ya ƙara wa igiya datti, ya kuma shigo da fanka matacciya. Da an amince da haƙa, da an kashe kuɗi mai yawa, kuma mai yiwuwa layin ya gyaru na ɗan lokaci, tunda masu aikin za su zo da sababbin igiyoyi. Da sai kowa ya tabbata kebul ne, Maris kuma ta zo ta same su ba su da abin zargi.

Gyaran Fabrairu daidai ne, amma karatun bai cika ba. Shaidar matsala ta biyu tana cikin lambobin safiyar farko: modul biyu iri ɗaya, masu shekaru ɗaya, ɗaya digiri 38 ɗaya 57 a watan sanyi, ɗaya miliamfa 31 ɗaya 52. Takardar miƙa aiki ta nuna hasken da cibiya ke fitarwa ya sauka daga -2.3 zuwa -4.3, fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Ba wadda ta ƙetare iyakar masana'anta, sai ido ya wuce su, har da na injiniyan, wanda hankalinsa ya tafi kan 11.3 dB. A kwalejin da ake koya wa ɗalibai cewa awon jini guda ba ya wadatarwa sai an duba na jiya da na shekaranjiya a katin majiyyaci, haka ya kamata a karanta waɗannan lambobi.

A ganina iyakokin masana'anta su ne suka fi yaudarar kwalejin, ba don kuskure ne ba, sai don tambayar da suke amsawa daban ce. An sa su ne domin modul da zai iya zama a layin kilomita 10, inda -12 ba abin damuwa ba ne. A layin mita 800 da ya fara da -4, isa -9 ma ya isa a tashi tsaye, ga shi gargaɗi ba zai zo ba sai an yi asarar 10 dB, ƙararrawa kuma sai 14. Inda ƙararrawar ta kaɗa da gaske, wato fanka, ta faɗa cikin ɗaruruwan saƙonni marasa amfani. Kafa manhajar sa ido bai wadatar ba har sai da aka zauna aka zaɓi abin da ya cancanci tayar da mutum.

Ba zan ɗora wa jami'in nauyin duka ba. Mutum ɗaya ne a kan gine-gine uku, ba a miƙa masa awon farko ba, ba madubi ba abin gogewa a sito, kuma shi ne ya nemi mako ɗaya lokacin da kowa ya amince a haƙa. Kabad a ɗaki mara silin da suwic mara lafiya a sito ba takarda, duk sun riga shi zuwa.

Ɗakin karatu har yanzu yana kan ƙaramin suwic mai tsofaffin modul na gigabit ɗaya waɗanda ba sa auna kansu, umarnin karatu ba ya dawo da komai a kansu. An sa kuɗin canza su a kasafin zango mai zuwa. Kafin nan, jami'in yana shiga duk ranar Litinin ya duba ƙirgen kurakuran kafar da hannu, ya rubuta a littafi.